Gano Ƙari da Hasken Leza: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Ma'anar fasahar

Leza haske ne mai launi ɗaya tak da na'ura ke harbawa a tattare, ba ya watsuwa kamar na fitila. Idan aka haska shi a jiki, tsoka kan mayar da wani sauti, kuma da sautin ake zana hoton abin da ke ƙarƙashin fata. Ana kiran wannan hanya fotoakustik, wato hoton haske da sauti. Tun a 1880 Alexander Graham Bell ya lura cewa haske na iya haifar da sauti, amma sai bayan ƙera leza a 1960 abin ya fara amfani wajen ɗaukar hoton jiki.

Abin da ke tona asirin ƙari

Ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya sami hanyoyin jini nasa na kansa, kamar yadda likitan Amurka Judah Folkman ya bayyana a 1971. Mugun ƙari, wato sankara, yakan tara ƙananan jijiyoyi a cunkushe, ga shi da yawan cin iskar oksijin.

Yadda take aiki

Ana harba hasken a ɗan ƙiftawa, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Hemogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, yakan sha hasken, ya ɗan ɗumama, ya kumbura nan take. Kumburin ne ke fitar da sautin da kunne ba ya ji, na'urar da ke kan fata ta kama, kwamfuta ta lissafa daga inda ya fito.

Hikimar tana nan: haske kan warwatse da ya shiga tsoka kimanin milimita 1, sauti kuwa yakan fito daga zurfin santimita da dama bai ɓace ba. Kuma da yake jini mai oksijin da marar shi ba launi ɗaya suke sha ba, sauya launin leza na nuna inda oksijin ta yi ƙaranci, kamar a cikin mugun ƙari.

Amfani da iyaka

Babu tururin da ke lahani ga ƙwayoyin jiki irin na hoton ƙashi. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Imagio don taimakawa wajen tantance ƙarin mama. Sai dai ƙashi da iska na tare sautin, baƙar fata kuma na shanye wani ɓangare na hasken, wanda ke iya rage ingancin hoton. Har yanzu sai an yanki tsoka an duba a ɗakin gwaji kafin a tabbatar da sankara.