Atishok: Ƙayar Da Ake Nomawa Don Ci

Mu dai mun saba tumɓuke ƙaya daga lambu, amma a Masar da Italiya da Sifen akwai wata ƙayar da ake nomawa don miya. Larabawa na kiranta kharshuf, daga nan ne Turawa suka samo sunan atishok.

Ba a sake shuka ta kowace shekara. Gindinta kan fitar da 'ya'ya, a cire su a dasa da tazarar mita 1. Tana son taki da ban ruwa, amma idan ruwa ya kwanta saiwar ruɓewa take yi.

Kan furen ake ci, tun bai buɗe ba. Manomi ya yi jinkirin yanka, furen shunayya ya fito ya yi tauri, to sai dai ƙudan zuma su mora.