Iska Da Jiragen Filafili A Gaɓar Afirka Ta Gabas

Mu da muka tashi nesa da teku, da wuya mu gane yadda jirgi zai yi tafiyar wata guda ba inji, ba mai tuƙi da hannu. Amma mun san iskar hunturu da ke zo mana daga arewa maso gabas, mun kuma san ta damina da ke fitowa daga kudu maso yamma. To, irin wannan juyawar iska ita ce abin hawan matuƙan Afirka ta Gabas.

Daga wajen Disamba zuwa Maris iska ta kan huro daga arewa maso gabas, Sawahilawa na kiranta kaskazi. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba sai ta juya, ta riƙa fitowa daga kudu, su kan ce da ita kusi. Dalili kuwa shi ne ƙasa ta fi ruwa saurin zafi da saurin sanyi. In ƙasar Asiya ta yi zafi sai iska ta taso daga teku ta nufe ta, in ta huce sai iskar ta komo.

Jirginsu na katako ne. Filafilinsa, watau babban ƙyallen da iska ke bugawa, mai kusurwa uku ne, ana ɗaure shi ga wata doguwar sanda. Babban jirgi sunansa jahazi, shugaban matuƙa kuwa nahodha. A da, jiragen Larabawa su kan biyo kaskazi da dabino da busasshen kifi, su yada zango a Lamu da Mombasa da Zanzibar. Kusi na farawa sai su ɗauki itacen gini da kanumfari su nufi gida. Kafin a hana cinikin bayi har mutane a kan loda a cikinsu.

Lalle aikin ba na gaggawa ba ne, ba kuwa na sakaci ba. Wanda bai tashi cikin Afrilu ba, sai ya zauna har wajen Satumba, gama tsakanin Yuni da Agusta iskar ta kan yi ƙarfi, teku ta haukace. Ga kuma duwatsun murjani kwance ƙarƙashin ruwa a gefen gaɓa, sai wanda ya san ƙofofinsu ke shiga lafiya. Don haka nahodha ya kan so shiga tasha da rana, sa'ad da launin ruwa ke nuna masa zurfinsa.

Hanyar nan tsohuwa ce ƙwarai. Ibn Baɗɗuɗa ya bi ta a 1331, ya ga Mombasa da Kilwa. A 1498 Basko da Gama, mutumin Fotugal, sai da ya sami jagora a Malindi, sa'an nan ya ƙetare zuwa Hindu cikin ƙasa da wata guda.

Yanzu jiragen inji sun karɓe wannan fatauci mai nisa. Duk da haka ƙananan jiragen filafili na nan suna su, suna kai kaya tsibiri zuwa tsibiri, suna kuma yawo da baƙi masu buɗe ido. A Lamu har tsere a kan yi da su lokacin Mauludi. Matuƙansu kuwa har yau sai sun dubi wata sun dubi iska kafin su ta da filafili.