Doguwar tafiya ta jirgin sama: a wane zango ya kamata a biya kujerar gaba?

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa ƙasar Sin, Indiya ko Amurka. Duk mai zuwa can sai ya yada zango a wani birni, galibi Addis Ababa, Santambul ko Kasablanka, ya sauka ya shiga wani jirgin. Zuwa da dawowa, zango huɗu ke nan aƙalla. Tikitin kujerun gaba na tafiyar baki ɗaya yakan ninka na gama-gari sau biyu, sau uku, wani lokaci ma fiye, shi ya sa ƴan kasuwa, masu zuwa Umra da masu fita neman magani kan nemi a sayar musu da kujerar gaba a zango ɗaya kawai, su yi sauran a baya. Tambayar ita ce: wane zango ne ya cancanci wannan ƙarin kuɗi?

Ajin farko da ajin ƴan kasuwa ba ɗaya ba ne

A bakin jama'a duk kujerar da ke gaban labule «ajin farko» ce. A wajen kamfanonin jirage kuwa akwai bambanci. Ethiopian Airlines, Turkish Airlines da Royal Air Maroc, waɗanda matafiyan Nijar suka fi bi zuwa nesa, aji biyu suke sayarwa: na gama-gari da na ƴan kasuwa, wanda ake kira «classe affaires» da Faransanci. Ethiopian ya raɗa wa nasa suna Cloud Nine. Ajin farko na ainihi, mai ɗan ɗaki na keɓe, kamfanoni kaɗan ne suka riƙe shi, irin su Emirates a manyan jiragensa da Air France a wasu daga cikin Boeing 777. Emirates ba ya sauka Yamai, Air France kuma ya dakatar da zuwa Nijar tun watan Agusta na 2023. Saboda haka ga wanda ya tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani, zancen a aikace na ajin ƴan kasuwa ne.

Me ake saye da wannan kuɗi? Akwai abinci mai kyau, akwai saurin wucewa a layi, akwai ɗakin hutawa a filin jirgi. Sai dai dukkan waɗannan ana iya samun kwatankwacinsu da kuɗi kaɗan. Abu ɗaya ne ba ya samuwa a baya ko ta halin ƙaƙa: kujerar da ke miƙewa ta zama gado mai kusan mita 2. A baya, tazarar da ke tsakanin layi da layi ba ta cika wuce santimita 76 zuwa 81 ba. Ashe barci a kwance ne ainihin hajar, kuma zangon da ya dace shi ne wanda mutum zai fi cin moriyar wannan barci.

Tsawon zango da irin jirgin

Daga Yamai zuwa Addis Ababa kimanin kilomita 4000 ne, wato awa 5 zuwa 6 a sama. Daga Addis Ababa zuwa Gwanzu, birnin da Faransawa ke kira Kanton, ya kusa ninki biyu, awa 10 zuwa 11. Ta hanyar Santambul ma lissafin bai sauya sosai ba: wajen awa 6 a zangon farko idan jirgin bai tsaya a wata ƙasa ba, sannan wajen awa 10 zuwa Gwanzu. Daga Yamai zuwa Kasablanka kuwa awa 3 da rabi ne, daga nan zuwa New York kimanin awa 8.

A kowane zango sai an cire lokacin tashi, lokacin rabon abinci da lokacin shirin sauka, waɗanda tare sukan cinye kusan awa 2. A tafiyar awa 3 da rabi, abin da ya rage na barci bai taka kara ya karya ba. A tafiyar awa 10 kuwa mutum na iya kwana sosai. Hanya mafi sauƙi ta auna farashi ita ce a raba ƙarin kuɗin da yawan awoyin kwanciya. A ce, alal misali, an nemi ƙarin jika 300 na sefa a zangon da za a kwanta awa 3: kowace awa ta tashi jika 100. In an nemi jika 500 a zangon da za a kwanta awa 8, kowace awa ba ta kai jika 63 ba. Na biyun ya fi tsada a aljihu, amma shi ne mai araha a lissafi.

Sai kuma irin jirgin, wanda mutane da dama ba sa dubawa. Ƙananan jirage masu hanya ɗaya a tsakiya, irin Boeing 737 da Airbus A320, kujerunsu na gaba galibi faɗi ne da su kuma suna ɗan kishingiɗa, ba sa zama gado. Gadon yana cikin manyan jirage masu hanya biyu: Boeing 787 da 777, da Airbus A350. Ko a cikinsu ma akwai masu tsofaffin kujeru da ke miƙewa a karkace. Kamfanoni sun fi saka ƙananan jirage a zangon da ke haɗa biranen Afirka ta Yamma da cibiyarsu, su ajiye manyan don nesa. A cikin Turai abin ya fi haka muni: a gajerun tafiye-tafiye na kamfanoni da yawa, ajin ƴan kasuwa kujerar gama-gari ce aka bar ta tsakiya babu kowa. Sunan jirgin yana rubuce a takardar tsarin tafiya da ajans ke bayarwa, kuma ya kamata a duba shi kafin a biya. Kamfani na iya sauya jirgi daga baya, don haka a sake dubawa ana gobe tafiya.

Dare ko rana, gabas ko yamma

Gado ba ya da amfani ga wanda barci bai zo masa ba. Zangon da ke tashi da safe ya sauka da la'asar, mutum zai yi shi ne ido biyu ko da a gaba yake. Zangon dare ne ke biyan kuɗinsa. A Addis Ababa, jiragen da ke zuwa Asiya da Turai galibi cikin dare suke tashi, na biranen Afirka kuma da safe. Wannan tsari ya sa dogon zango da zangon dare sukan zo ɗaya ga mai zuwa Sin.

Bambancin agogo ma yana da nasa tasiri. Gwanzu ta riga Nijar da awa 7: idan ana ƙarfe 12 na rana a Yamai, can ƙarfe 7 ne na yamma. Dubai ta riga ta da awa 3, Addis Ababa, Santambul da Jidda da awa 2. Agogon jikin ɗan Adam ya ɗan zarce awa 24 a zagayensa, saboda haka ya fi sauƙi a tsawaita masa yini a kan a gajarta masa. Mai tafiya gabas ana gajarta masa dare, shi ya sa gajiyarsa ta fi tsanani, kuma jiki kan buƙaci kusan kwana ɗaya don ya saba da kowace awa ta bambanci. Mai tafiya yamma yininsa ne ke tsawo, abin da jiki ya fi jurewa.

A kan wannan ne amsar ke rabuwa gida biyu. Mai zuwa Sin ko Indiya, zangon da ya fi wahala shi ne babban zango na zuwa. Mai zuwa Amurka ko Kanada kuwa, na dawowa ne: jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika zuwa yamma galibi da rana suke tafiya, na dawowa da dare. Iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama tana rage wa dawowar kusan awa ɗaya, wato daren gajere ne, kuma duk mintin barci yana da daraja. Mai zuwa Faransa ba shi da matsalar agogo, domin lokaci ɗaya ne da Nijar a hunturu, bambancin awa 1 a bazara. A nan dare da rana kawai za a duba.

Abin da ke jiran mutum bayan sauka

Tambaya ta gaba ita ce: da an sauka, me za a yi? Ɗan kasuwar da zai halarci baje-kolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara, a watannin Afirilu da Mayu sannan Oktoba da Nuwamba, kwanakinsa a ƙidaye suke, otal na cin kuɗi kowace rana. In ya isa a gajiye har ya rasa yini guda yana barci, ko ya zauna ciniki kansa a ɗaure, asarar na iya wuce kuɗin kujerar. A gare shi zuwa ya fi dawowa muhimmanci, tunda a gida zai iya hutawa.

Haka abin yake ga tsofaffi masu zuwa Umra. Da sauka Jidda sai tafiyar mota zuwa Makka, sai ɗawafi, sai sa'ayi tsakanin Safa da Marwa wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3. Ƴaƴan da ke son sauƙaƙa wa iyayensu sun fi dacewa su saka kuɗin a zuwa.

Mai fita neman magani a Tunisiya, Maroko, Turkiyya ko Indiya kuwa lissafinsa a juye yake. Wanda aka yi wa tiyata a ciki, a baya ko a gwiwa, dawowa ce za ta fi yi masa wuya a matsattsiyar kujera. Sai dai likita ne ke faɗin ranar da zai iya hawa jirgi, kuma kamfani na iya neman takardar shaida. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kodayake haɗarin ƙarami ne, kimanin mutum 1 cikin 6000. Kujerar gaba ba ta kawar da wannan. A gaba ko a baya, sai an riƙa tashi ana takawa, ana shan ruwa.

Akwai kuma zangon da ba ya cikin tikiti: hanyar mota. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, Damagaram kusan 900, Tawa sama da 500. Wanda ya wuni a bas kafin ya hau jirgi ya fara tafiyar ne da gajiya, kuma kwana ɗaya a Yamai kafin tashi ya fi kowace kujerar gaba araha. Wanda kuma zai sauka ya tuƙa motarsa da kansa zuwa gida, barcin dawowa a wajensa batun tsira da rai ne.

Batun kaya

Ƴan kasuwa da yawa na zaɓen dawowa saboda nauyin kaya. A layuka da dama na Afirka, ajin gama-gari na ba da akwati 2 masu kilo 23 kowanne, ajin ƴan kasuwa kuma akwati 2 masu kilo 32. Bambancin kilo 18 ne. Kafin a biya kujerar gaba saboda kilo 18, ya kamata a tambayi kuɗin ƙarin akwati guda, domin sau da yawa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan idan tikiti ya haɗa aji biyu, ba dole ne a ba da nauyin ajin gaba a dukkan tafiyar ba. Abin da aka rubuta a tikitin shi ne ake bi a wajen awo. A wasu kamfanoni, wanda aka ɗaga zuwa gaba a ranar tafiya kujera kawai ya samu, nauyin kayansa na nan yadda yake.

Yadda ake saye

Hanya ta farko ita ce a nemi ajans ta haɗa aji biyu a tikiti ɗaya tun farko. Ta biyu, a yi amfani da makin tafiye-tafiye: ShebaMiles na Ethiopian, Miles&Smiles na Turkish, Safar Flyer na Royal Air Maroc. Ta uku, wasu kamfanoni kan aika saƙo kwanaki kaɗan kafin tafiya su nemi fasinja ya taya kujerar da ta rage. Ta huɗu, a tambaya a wurin rajistar kaya. Biyun ƙarshe sun fi araha, amma babu tabbas, musamman a lokacin baje-koli ko azumi da jirage ke cika.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne sayen tikiti biyu daban-daban don rage farashi. Idan jirgin farko ya makara aka rasa na biyu, kamfani ba shi da alhakin sauya wa mutum jirgi kyauta. Ana iya tilasta masa ya karɓi kayansa ya sake rajista, abin da kan buƙaci bizar shiga ƙasar da ya yada zango. Game da ɗakin hutawa kuma, an fi ba da shi ne a filin da zangon ajin gaba zai tashi. Wannan ƙarin dalili ne na zaɓen zango na biyu a zuwa: awoyin jira a Addis Ababa ko Santambul sai a yi su a wurin da akwai abinci da wurin wanka.

Iya kuɗinka, iya shagalinka. Wanda ƙarfinsa bai kai ba yana iya biyan kujera mai faɗin ƙafa kusa da ƙofar gaggawa, wadda ake ba masu ƙoshin lafiya kawai. Wanda kuma zai iya biyan zango ɗaya, abubuwa huɗu zai tambayi ajans kafin ya ƙirga kuɗi: awa nawa ne zangon, da dare ne ko da rana, wane irin jirgi ne, kuma kujerar tana miƙewa ta zama gado ko kuwa kishingiɗa kawai take yi. Ga mai zuwa Gwanzu, amsoshin sukan nuna zangon Addis Ababa ko Santambul zuwa Sin. Ga mai dawowa daga New York, daren da zai ƙetare teku zuwa Kasablanka.