Daga Rabon Gado Zuwa Digirin Dakta: Ƙofar Da Ɗaliban Lissafi Ba Su Lura Da Ita Ba

Duk malamin da ya taɓa zama rabon gado ya san ba a yin sa da ka. Sai an fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya, sa'an nan a ba kowane magaji rabonsa. Irin wannan jerin matakai, wanda in an bi shi daki-daki dole a kai ga amsa, shi masana ke kira algoridim, kuma da shi kwamfuta ke yin dukkan aikinta.

Sunan ma na Musulmi ne, watau Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya kuma keɓe babban sashe a ciki ga lissafin gado. A ƙasar Hausa kuwa, Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan hanyoyin tsara lambobi cikin hatimi.

To, me mai neman digirin dakta ke bincike a wannan fanni? Aikinsa shi ne ya gano hanyar da ta fi sauri, ya kuma kafa hujjar cewa ba ta kuskure. A 1959 wani mutumin Holan, Edsger Dijkstra, ya buga hanyar gano tafarki mafi kusa tsakanin wurare biyu. Taswirar wayar da ke nuna wa direba hanya daga Legas zuwa Maiduguri, a kan irin wannan tushe aka gina ta. Amma matsalar farken da zai zagaya garuruwa masu yawa ya komo gida ta hanya mafi gajarta, har yanzu ba a sami mai warware ta da sauri a kowane hali ba. Tambayar da ke ƙarƙashinta na cikin guda 7 da Cibiyar Clay ta Amurka ta sa wa kyautar dala miliyan 1 kowace a shekarar 2000.

Abin lura shi ne, wannan bincike ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Alƙalami, takarda, kwamfuta da malami nagari, su ne jarin. Ƙofofi kuwa suna nan. A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda aka kafa a 2007, tana ba da digiri na biyu da na dakta. Cibiyar AIMS, wadda aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Gana da Kamaru, inda ɗalibi ke share fage da digiri na biyu. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati. A Holan ma'aikaci ake ɗaukar mai binciken, da albashinsa, har shekara 4, kuma a Jamus da yawansu haka suke.

Sai dai ba a shiga da hannu rabbana. Ana duba ƙarfin ɗalibi a lissafi, da Turancinsa, da shaidar malamansa, da takardar da ya bayyana matsalar da yake son tunkara. Wanda ya karanta ayyukan malamin da yake nema kafin ya rubuta masa, ya fi wanda ya watsa wasiƙa iri ɗaya ga mutum hamsin.

Saboda haka ɗalibin lissafi ya daina ganin alli kaɗai ne makomarsa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: tun yana ajin ƙarshe ya kamata ya fara shiri.