Shirin Musamman: Takalmin Ƙwallo da Takardar Sakandare

Shirin namu na yau na iyaye ne da yaransu, musamman gidan da ke da saurayi ɗan shekara 15 ko 16 wanda ƙwallo ta shiga ransa, kociya na cewa ya zo atisaye safe da yamma, malami kuma na cewa jarrabawa ta ƙarato. Za mu leƙa ƙasar Ghana, inda wata makaranta ta daɗe tana fama da wannan tambaya.

Sunan makarantar Right to Dream. Wani Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, ya kafa ta a 1999 da 'yan yara kaɗan a Accra, daga baya ta koma gefen kogin Volta. Yaro ba ya biyan ko sisi. Sharaɗin dai shi ne aji da fili tafiyarsu ɗaya, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Kowa ya san ɗalibinta Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima, inda Hausa ke tashi a kasuwa da masallaci. Ya shiga yana ɗan shekara 12, ya tafi ƙungiyar Nordsjaelland ta Denmark a 2018, Ajax ta saye shi a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, sannan ya wuce West Ham a 2023. Wannan labarin samari sun haddace shi.

Wanda ba su cika sani ba shi ne na Abu Danladi, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

An haifi Abu Danladi a Takoradi a 1995. Makaranta ɗaya suka yi da Kudus, amma shi ƙofarsa daban ce. Ba wata ƙungiyar Turai ce ta ɗauke shi ba. Gurbin karatu ya samu a wata sakandaren kwana mai suna Dunn, a wani ƙaramin gari cikin jihar California ta Amurka. Ku duba fa, masu sauraro: yaro daga Takoradi, a aji ɗaya da 'ya'yan masu hali, ana ba shi aikin gida da Turanci, ana duba makinsa kamar na kowa, da yamma kuma ya ɗaura takalmi. Da karatunsa bai kai ba, da ƙafarsa kaɗai ba ta kai shi wannan aji ba. A 2014 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon makarantun sakandare na Amurka baki ɗaya, lambar da kamfanin Gatorade ke bayarwa. Daga nan jami'ar UCLA ta ɗauke shi, ya buga mata shekara uku yana ɗalibi. A watan Janairun 2017, da ƙungiyoyin gasar MLS ta Amurka suka zauna zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, sunansa aka fara kira, Minnesota United ta ɗauke shi.

Ya ci ƙwallo 8 a kakarsa ta farko. Sai rauni ya sa shi gaba, yau ya warke gobe ya koma jinya, tauraron da aka yi zato bai haska yadda aka so ba. Abin tausayi ne, domin yaron yana da gudu kuma ya iya. Sai dai irin kwangilar da ya sa wa hannu, wadda ake kira Generation Adidas, tana tanadar wa ɗan wasa kuɗin komawa ya ƙarasa jami'a. Wato tun ranar da aka ɗauke shi, an yi lissafin ranar da ƙafa za ta gaza.

A Ingila, marubuci Michael Calvin ya kawo lissafin cewa cikin yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyin matasa, kusan 180 ne za su kai gasar Firimiya. Ku sake ji: 180 cikin miliyan ɗaya da rabi, a ƙasar da ke da filaye da likitoci da kuɗi.

Ga kuma dokar da iyaye da yawa ba su sani ba. Hukumar FIFA ta hana a sauya wa ɗan wasa ƙungiya zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyaye su ƙaura don wani aiki da bai shafi ƙwallo ba. Shi kansa Kudus sai da ya cika 18 ya buga wa Nordsjaelland wasansa na farko. To, yaron da ya bar makaranta a aji huɗu don wai ana shirin fitar da shi waje, ina zai je? Shekarun nan na jira, daga 15 zuwa 18, su ne dai shekarun rubuta WAEC da NECO. Duk dillalin da ya zo gida ya ce a sayar da fili ko shanu a ba shi kuɗin biza don ya kai ɗan shekara 16 Turai, a tambaye shi wannan doka, a ji amsarsa.

Najeriya ma tana da nata misalan na waɗanda suka haɗa karatu da ƙwallo. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos, injiniya ya karanta a kwalejin fasaha ta Ibadan, kuma shi ya ci biyu cikin ƙwallaye uku da aka doke Aljeriya da su a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka lauya ne, har ya riƙe muƙamin kwamishinan shari'a na jihar Ribas.

Lokaci na neman ƙure mana, bari mu taƙaita. Uba ko wan yaro ya je fili da kansa ya zauna da kociya, a daidaita cewa atisaye bayan an tashi daga makaranta ne, kuma idan jarrabawa ta zo a rage. Kociyan kirki ba zai ƙi ba. Wanda ya ƙi, a canza ƙungiya. A sa ido kan kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, domin su ne mabuɗin jami'a a gida, kuma jami'o'in waje masu ba 'yan wasa gurbi su ma sakamako suke fara nema. Kada a yarda a rage wa yaro shekaru: tun 2009 FIFA ke amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma ranar haihuwar da ta saɓa wa ta takardun makaranta na iya ɓata ƙwallon da karatun duka. Kada yaro ya sa hannu a wata takarda sai babba mai ilimi ya karanta. Wanda ya shiga jami'a kuma, akwai gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, ba a ce ya ajiye takalmi ba.

Iyaye, kada ku ƙwace ƙwallon, amma ku nemi ganin sakamakon zangon nan kafin wasan Asabar. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.