Warren Moon: ɗan wasan da sai da ya tsallaka Kanada kafin Amurka ta yarda da shi

A ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano, akwai matsayin da ake kira kwatabak. Shi ne jagoran masu kai hari: shi ke faɗa wa abokan wasansa dabarar da za a bi, ya karɓi ƙwallo, ya jefa wa wanda ya dace. An daɗe ƙungiyoyin babbar gasar NFL ba sa son danƙa wa baƙar fata wannan aiki, bisa zaton wai ba za su iya jagoranci ba. Warren Moon na cikin waɗanda suka rusa wannan zato.

An haife shi a Los Angeles a 1956. Da ya gama sakandare, wasu manyan jami'o'i sun so ya sauya matsayi, ya ƙi. Ya fara shiga wata ƙaramar kwaleji a birninsu, daga nan ya samu gurbi a Jami'ar Washington. A watan Janairun 1978 ya jagoranci ƙungiyar jami'ar ta doke ta Michigan da maki 27 da 20 a wasan Rose Bowl, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan.

Duk da wannan bajinta, NFL ba ta nuna tana buƙatarsa ba. Ganin haka ya sa hannu da ƙungiyar Edmonton ta Kanada, kuma da aka yi zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar, babu wadda ta kira sunansa. A kaka shida da ya yi a can, Edmonton ta ɗauki kofin Grey Cup sau biyar a jere, daga 1978 zuwa 1982.

Sai ga ƙungiyoyin Amurka suna rububinsa. A 1984 Houston Oilers ta ɗauke shi, ya yi mata wasa shekara goma, sannan ya wuce Minnesota, Seattle da Kansas City. Ya yi ritaya yana da shekara 44. Jifan da ya yi a NFL, wanda abokan wasansa suka cafe, ya ci nisan yadi 49,325, kusan kilomita 45. Sai dai bai taɓa kaiwa wasan ƙarshe na Super Bowl ba.

A 2006 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan ƙwallon Amurka, baƙar fata na farko a matsayinsa da ya samu haka. Kanada ta riga ta karrama shi tun 2001. A Super Bowl na Fabrairun 2023 kuwa, jagororin ƙungiyoyin biyu, Patrick Mahomes da Jalen Hurts, duk baƙar fata ne, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan.