Amon Jitar Bes: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

A situdiyoyin Kano da Kaduna fiyano ce ta karɓe aikin kiɗan ƙasa-ƙasa, amma jitar bes ba ta mutu ba. Tana nan a majami'un Jos da Kafanchan, da rukunonin makaɗan sojoji da 'yan sanda, da hannun samarin da ke kiɗa a Yamai. Duk yaron da ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi ta farko, kafin ya kai shago kunnuwansa sun cika da shawarwari daga na gaba da shi da kuma mai sayarwa. Wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, akwai kuma guda ɗaya da ta taɓa kashe mutane. Abin da ke damuna shi ne yadda waɗannan maganganu ke sa matashi ya zuba kuɗi inda ba su da amfani, ya bar abin da zai gyara masa amo kusan kyauta.

Maganar da ta fi yawo ita ce sai jita mai tsada, mai sunan Fender a ka, ke ba da amo mai kyau. Sunan yana da tarihi, babu musu. A 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass, a 1960 Jazz Bass ta biyo baya, kuma yawancin jitocin da ke kasuwa yau kwaikwayon waɗannan biyu ne. Amma Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi Höfner ɗinsa a birnin Hambog na Jamus a 1961 kan kusan fam 30, domin kuɗinsa ba su kai na Fender ba, kuma da irin wannan jita duniya ta san shi. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce, jita mai arha takan zo da maɗaurin tsirkiya mai kwancewa, ko ƙarafan kan wuya, wato firet, da ba su daidaita ba. Don haka wuya za ka duba, ba tambari ba, musamman da yake tambarin jabu ya cika kasuwa. Ka ɗaga jitar ka hangi wuyan daga kai zuwa gindi. Idan ya ɗan lanƙwasa gaba, wannan yana gyaruwa. Idan ya murɗe gefe, ka ajiye ta ko da kyauta aka ba ka.

Sai batun itace. Za ka ji an ce nauyin jita shi ne alamar ƙaurin muryarta. Abin da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki shi ne fikof, wato maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma motsin tsirkiyar ƙarfe yake ji, ba kukan katako ba. A 1969 kamfanin Ampeg ya sayar da jitocin Dan Armstrong masu gangar jikin roba garai-garai, daga baya Ned Steinberger ya ƙera bes da ba itace a jikinta, kuma dukkansu an yi manyan faya-fayai da su. Itace ba banza ba ne, amma tasirinsa ya fi yawa a wuya. A jitoci da yawa masu fasalin Fender akwai wani gurbi a siririyar tsirkiya, tsakanin firet na 5 da na 7, inda sauti ke mutuwa da wuri domin wuyan yana shanye girgizar. Wannan ya cancanci a gwada shi a shago. Nauyi kuwa, kafaɗarka ce za ta biya kuɗinsa bayan awa uku a tsaye.

Inda amo yake zaune da gaske shi ne tsirkiya, kuma nan ne mutane suka rabu biyu, kowa na rantsuwa. Wasu sun ce dole a sauya ta kowane wata, wasu sun ce tsohuwa ta fi. Dukkansu suna da hujja, sai dai ba abu ɗaya suke nema ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a mafi yawan fitattun waƙoƙin kamfanin Motown a Ditiroit cikin shekarun 1960, ya kasance yana amfani da tsirkiya mai sulɓi ta La Bella, ba ya cire ta sai ta tsinke, ga kuma soso a gindin tsirkiyoyin don rage musu ƙara. Shi ya sa amonsa yake da taushi da nauyi. John Entwistle na ƙungiyar The Who kuwa ya haɗa kai da kamfanin Rotosound a 1966 aka fito da tsirkiya mai kaushi, wadda ke ba da amo mai kaifi, kuma irin wannan kaifin yakan dushe idan gumi da datti suka shiga tsakanin nannaɗin. Mai kiɗan rege da ke neman irin amon Aston Barrett na ƙungiyar Wailers ba ya buƙatar sabuwar tsirkiya kowane wata. Mai son dukan babban yatsa da fizgar tsirkiya, yana buƙata.

To dafa tsirkiya a ruwan zafi fa? Wannan ba ƙarya ba ce. Tafasasshen ruwa yana fitar da maiƙo da datti, kaifin ya ɗan dawo na 'yan kwanaki. Abin da ba ya iya yi shi ne mayar wa ƙarfen ƙarfinsa, ko cike ramukan da firet ya ci a jikinsa, kuma idan ba ta bushe sarai ba tsatsa za ta kama cikinta. Goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa ya fi dahuwa amfani.

Akwai kuma tsoron da aka dasa wa masu koyo game da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jita, wai duk wanda ya taɓa ta zai karya wuyan. An sa ta ne musamman domin a riƙa juya ta, kuma a ƙasarmu buƙatar ta fi yawa. Da hunturu iska na bushewa ƙayau, itace ya tsuke, har ka ji bakin firet yana kartar maka hannu. Da damina ya sha laima ya kumbura. Jitar da aka saita a Legas ba za ta zauna yadda take ba idan ta kwana biyu a Katsina cikin Janairu. Sai tsirkiya ta yi nisa da wuya har yatsu su yi ciwo, ko ta kwanta tana zuzz a kan firet, mai ita ya ɗauka jitarsa ce marar kyau. Gwajin ba wuya. Danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazarar da ta rage a wajen firet na 8. Kaurin katin gaisuwa ya isa. Idan ta wuce haka, a ɗan ɗaure sandar zuwa dama. Idan babu tazara sam, a sassauta zuwa hagu. Kada a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya, a sake saita tsirkiya a duba. Idan ta cije, a tsaya a kai wa gwani, domin masu karya ta su ne masu yi mata dole. Ina ganin rabin jitocin da ake yi wa kallon marasa amo, wannan ɗan gyaran kaɗai suke jira.

Sauya fikof yana canza sauti, gaskiya ne, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Gurbin da fikof yake zaune ya fi sunan kamfanin da ya yi shi tasiri: na kusa da wuya yana ba da kauri, na kusa da gindi yana ba da tsauri. Haka ma hannunka, matsar da shi taki ɗaya ka ji bambanci. Jitar da ke da batir mai bolt 9, irin tsarin da Music Man StingRay ta yaɗa tun 1976, tana cin batir muddin waya na soke a jikinta, kuma idan ya yi sanyi sai amo ya fara karcewa. Kafin a zargi amfilifaya, a duba batir. Masu sha'awar cire firet don kwaikwayon makaɗin bes Jaco Pastorius kuwa su sani, da ya cire nasa sai da ya cike ramukan ya shafe wuyan da gam mai tauri irin na jiragen ruwa, don kada tsirkiya ta ci katakon.

A wajen amfilifaya, lissafin wat ya ruɗi mutane da yawa. Mai wat 200 ba ta ninka mai wat 100 ƙara ba. Bambancin desibel 3 ne kacal. Kafin kunne ya ji an ninka ƙara, sai an ninka wat kusan sau goma. Ƙara lasifika ya fi ƙara wat tasiri. Cewa sai lasifika mai inci 15 ke fitar da kauri ma ba daidai ba ne, domin akwatin Ampeg SVT na 1969 da ya cika manyan filayen wasa lasifika takwas ne masu inci 10. Abin da aka faɗa daidai shi ne haɗarin kaɗa bes da ƙarfi a lasifikar jita ta yau da kullum. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin na jita, kuma wannan motsi mai faɗi yana iya yaga takardar lasifikar. Haka nan a kula da om: akwati biyu masu om 8 idan aka haɗa su gefe da gefe sun zama om 4, kuma kada a sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya. Murɗa maɓallin kauri har ƙarshe ba ya sa a ji ka; ɗakin ne zai cika da guɗa. Sautin tsakiya shi ke fito da bes tsakanin ganga da fiyano.

Waya mai bakin zinare ba ta ƙara amo, tsatsa kawai take hanawa. Tsawon waya ne ke rage kaifi idan ya yi yawa. Amma kada a ɗauki wayar jita a haɗa amfilifaya da lasifika, siririya ce, za ta yi zafi.

Yanzu ga wadda ta fi kowace muni. Kayan gwanjo da suka zo daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, don haka a karanta bayan na'ura kafin a soka, ko a nemi taransifoma. Sannan idan amfilifaya tana ƙugi, sai ka ji wani ya ce a karya ƙafa ta uku ta fulogi, ƙugin zai tafi. Wani lokaci yakan tafi ɗin. Amma wannan ƙafar ita ce atin, hanyar da wuta za ta bi ta shige ƙasa idan wani abu ya lalace a ciki. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya, shi ya sa ƙugi ke raguwa idan ka taɓa su. Idan ka cire atin, jikinka ya zama hanyar, musamman idan leɓenka ya taɓa makirfo hannunka na kan tsirkiya. Haka Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a Suwansi ta Birtaniya a 1972, kuma wutar jita ce ta kashe Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, a gidansa a 1976. A wurarenmu da ake jan waya daga janareta ba tare da atin ba, haɗarin ya ƙaru. Idan ƙugi ya dame ka, ka haɗa kayan kiɗan duka a layin wuta ɗaya, ka nisanta daga fitilu da caja marasa kyau, ko ka sa ƙaramin akwatin nan da ake sawa tsakanin jita da mikisa, mai maɓallin raba atin na wayar sauti kaɗai. Idan kuma ka taɓa jin tsirkiya ko makirfo ya ɗan ja ka, ka kashe komai nan take, kada a sake kunnawa sai mai gyaran wuta ya duba.